Wace Wuƙa Ce Ta Dace Da Mazaunin Kurmi?

 Gaisuwa ta musamman ga 'yan uwanmu mazauna Fatakwal, tun daga Mile 1, a bi titin Ikwerre zuwa Mile 2 Diobu, har a dangana da Mile 3. Muna gaida na bakin gada a Anacha. Muna gaida na Inugu. Allah ya ba da kasuwa, ya sa a koma gida lafiya. Sharhinmu na yau a kan ƙaramin abu ne, wanda kusan kowa yake da shi, amma ba kowa ne ya taɓa zama ya yi tunani a kansa ba. Wuƙa nake nufi. Wuƙar yau da kullum, wadda mutum zai yanka igiya da ita da safe, ya fere rake da rana, ya gyara kaza da yamma.

Ku dubi sana'o'in da mutanenmu suke yi a Kudu, za ku ga yawancinsu wuƙa ce jarinsu na farko. Mai tsire a gaban tukuba, wuƙa ce a hannunsa. Mai lemo da mai kankana da mai abarba, wuƙa. Mai doya, mai albasa, ɗan dako da ke kwance buhu, yaron mota da ke ɗaure tamfol, mai gyaran takalmi da ke zaga unguwa da akwatinsa, duk haka. To, wacce mutum zai zaɓa? Ga amsata tun daga farko, kuma zan yi ta maimaita ta. Ka zaɓi wuƙa ƙarama, mai kaifi, wadda aikinta ya bayyana a jikinta. Duk wanda ya gan ta ya san ta aiki ce. Ba sai ka yi dogon bayani ba. Bari mu bi hujjojin ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da ƙasar da muke zaune a kanta. Wanda ya taso a Kano ko Katsina ko Maraɗi ya saba da bushewa. A can sai mutum ya soke wuƙa a kube, ya rataye a ɗaki wata da watanni, ya zaro ta tas. Fatakwal ba haka take ba. Ruwan da ake yi a nan a shekara ya ninka na Kano sau biyu har da ɗoriya. Damina takan faro tun wajen watan Maris, ba ta ɗaukewa sosai sai an doshi ƙarshen shekara. Ko ranar da ba a yi ruwa ba, iskar kanta a jiƙe take. Ga kuma ruwan gishiri a fadamun da suka kewaye gari. Baƙin ƙarfe ba ya shiri da wannan yanayi. Kwana biyu sai ka ga ja ya feso masa. Kuben fata, wanda dukawanmu suke ɗinkawa da kyau da ado, a nan sai ya sha danshi ya riƙe, ya yi fumfuna, ya cinye wuƙar da aka ba shi amana. Saboda haka tambaya ta farko ga mai sayen wuƙa a Kurmi ita ce: wane irin ƙarfe ne?

Ƙarfen wuƙa iri biyu ne a kasuwa. Akwai baƙin ƙarfe, irin wanda maƙeranmu suke sarrafawa. A yau yawanci tsohon sifirin mota suke samu, su sa a wuta, su buga a uwar maƙera, su tsoma a ruwa ko a mai don ya yi tauri. Wannan ƙarfe yana karɓar kaifi da sauri, kuma dutse kaɗan ya ishe shi. Aibinsa tsatsa. Sannan akwai farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa da wuri. Wani Bature mai suna Harry Brearley ne ya gano haɗinsa a birnin Sheffield na Ingila a shekarar 1913. Sirrinsa wani sinadari ne da ake kira kuromiyam, wanda in ya kai kamar kashi goma sha ɗaya cikin ɗari na ƙarfen, sai ya yi masa wata siririyar riga da ido ba ya gani, ta hana danshi cin sa. To, a ganina, mai lemo da mai abarba da uwargida a kicin, farin ƙarfe ya fi musu. Tsamin lemo yana baƙanta baƙin ƙarfe nan take, ya bar ɗanɗanon ƙarfe a bakin mai saye. Mahauci kuwa, wanda dutsen wasa ba ya nisa da shi, kuma kitse kullum yana shafe wuƙarsa, baƙin ƙarfe ba zai ba shi kunya ba. Wanda yake son wuƙa ɗaya ta zauna a jakarsa, yau a yi aiki da ita, gobe a manta da ita, ya nemi fari. In kuma ya nace sai ta maƙeri, to ya ɗauki nauyinta: ya goge ta ta bushe bayan kowane aiki, ya shafa mata ɗigon man gyaɗa ko manja, kada ya bar ta ta kwana a jiƙaƙƙen kube. Ban da baƙin mai na inji a kan wuƙar da za ta taɓa abinci.

A nan wani zai ce, to Malam, ka rage darajar ƙirar gida ke nan. A'a. Ƙira ta riga sarauta a Kano. Tarihi ya nuna maƙera ne daga Gaya suka fara zama a gindin Dala saboda tama. Har gobe akwai Sarkin Maƙera a masarautunmu, kuma Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ba ta rabu da wuƙa da kube ba. Maƙwabtanmu na nan ma ba baƙin ƙira ba ne. Garin Awka, da ke kan hanya tsakanin Anacha da Inugu, da ƙira ya yi suna a duk ƙasar Ibo, maƙeransa sun daɗe suna yawon sana'a gari-gari kamar yadda mu ma muke yi. Maƙeri yana da wata fa'ida da kanti ba shi da ita: kana iya gaya masa aikinka, ya ƙera maka daidai hannunka. Abin da nake cewa kawai shi ne, ƙarfen da ya dace da hunturun Sakkwato yana bukatar ƙarin kulawa a daminar Diobu.

Mu juya zuwa girma, domin a nan ne aka fi yin kuskure. Ido yana son babbar wuƙa. Mai tsawo, mai kauri, mai sheƙi, mai zane a ƙota. Amma hannu ba ya son ta. Ku lura da mai lemo a lokacin da yake fera. Ƙarfen da yake aiki da shi bai wuce tsawon yatsa ba. Ku lura da mai gyaran takalmi. Haka. Yawancin yankan da mutum yake yi a rana, da inci biyun farko na wuƙa yake yin sa. Ragowar tsawon nauyi ne kawai. Wuƙar da ruwanta bai wuce faɗin tafin hannunka ba ta isa igiya, ta isa leda da kwali, ta isa albasa, ta isa kaza. Kauri ma haka. Wuƙa mai kauri tsaga take yi, kamar gatari. Siririya ita ce take ratsa abu salin-alin. Dogon tsini mai baki biyu kuwa, irin na wuƙar damtse, ba shi da wani amfani a wurin fere ko fiɗa, kuma babu inda za ka ɗora ɗan yatsa ka danna. Baki ɗaya ya isa, da ɗan lanƙwasa a wajen tsini. Aikin daji, irin sarar ciyawa da reshe, wannan na adda ne. A bar wa adda aikinta.

Sai ƙota. Ka riƙe ta kafin ka biya. Ka tuna hannunka zai jiƙe da ruwa ko gumi ko maiƙo. Ƙotar da take santsi tun tana bushe, in ta jiƙe za ta kai yatsunka kan kaifi. Ka duba ko ƙarfen ya ratsa ƙotar har ƙarshe, an kama shi da ƙusa biyu ko uku. Wadda aka ɗan soka mata gajeriyar wutsiya a cikin roba, ranar da aiki ya yi tsanani a nan za ta rabu biyu.

To, mai kube ko mai naɗewa? Mai kube ta fi ƙarfi, ta fi sauƙin wankewa, domin ba ta da lungun da jini ko kitse zai maƙale. Wurin zamanta teburin sana'a ne, ko kicin, ko akwatin kayan aiki a mota. Wadda za ta bi mutum ko'ina kuwa, ƙaramar mai naɗewa ta fi dacewa. Kuma akwai abin lura a tarihin shahararrun wuƙaƙen duniya. Jar wuƙar nan ta ƙasar Suwizalan, wadda kamfanin Victorinox yake yi, asalinta ta soja ce. Karl Elsener ya fara kai wa sojan ƙasarsa ita a shekarar 1891. Me aka sa mata? Gajeren ruwa, da abin buɗe gwangwani, da sukudireba, da abin huda fata. Wato ko sojan ma, wuƙar aljihunsa ta cin abinci da gyaran kaya ce. Haka Opinel ta Faransa, wadda aka fara yi a 1890, ƙotar itace ce da siririn ƙarfe, ta manoma da makiyaya. Fiye da shekara ɗari suna hannun mutane, kuma ba girma ne ya riƙe su ba. Sai dai a yi hattara. Kasuwanninmu cike suke da jabu masu ɗauke da manyan sunaye. Suna a jikin ƙarfe ba hujja ba ne. Ka buɗe ta, ka girgiza ruwan hagu da dama. In yana rawa a gindi, ajiye ta. Ka rufe, ka ga ko tsinin ya ɓuya gaba ɗaya. In ya leƙo, zai huda aljihu, ya huda cinya.

Yanzu mu zo ga kaifi. Iyayenmu mata da yawa suna cewa gara dakusasshiyar wuƙa a gida, saboda yara. Niyyar mai kyau ce, amma lissafin bai fita ba. Dakusasshiyar wuƙa sai an danna ta da ƙarfi. In aka danna, sai ta zame daga kan albasa ko bayan doya, ta sauka inda ba a aike ta ba, da duk ƙarfin da aka sa mata. Mai kaifi tana shiga inda aka ɗora ta. Maganin yara shi ne a ajiye wuƙa inda hannunsu ba ya kaiwa. Wasa wuƙa kuma ba abu ne mai tsada ba. Ɗan dutse mai laushi da ruwa ya wadatar. In babu, gindin kofin tangaran, wajen nan da ba shi da santsi, yana tayar da kaifi. Abin da ke kashe wuƙa da wuri shi ne injin gurza ƙarfe na masu walda. Yana cinye ta, yana kuma zafafa bakinta har taurin da maƙeri ya ba ta ya tafi. Addininmu ma ya shigo cikin wannan magana. Malamai suna karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabba, kuma an hana wasa ta a gaban idon dabbar. A nan zan amince da mai cewa wuƙa ɗaya ba ta yin komai da komai. Gaskiyarsa. Ragon layya ba a yanka shi da wuƙar aljihu. Wannan yana bukatar doguwa, wadda aka keɓe, aka ajiye a gida har ranarta. Mahauci ma yana da ta yanka, da ta fiɗa, da ta sara ƙashi. Amma waɗannan a mayanka suke kwana. Maganarmu a kan wadda take bin ka ce. Ita kuwa, na faɗa zan sake faɗa: ƙarama, mai kaifi, wadda aikinta ya bayyana a jikinta.

Jama'a masu sauraro, ga mu a kan gaɓa mafi nauyi, kuma ina roƙon a ba ni kunne. Akwai wanda zai ce: Malam, duk wannan na ji, amma ni ba don lemo nake riƙe wuƙa ba. Ni baƙo ne a garin mutane. Ina tashi daga kasuwa da dare. Akwai 'yan daba, akwai masu ƙwace. Namiji ba ya yawo hannu rabbana. Wannan tsoro ba ƙarya ba ne. Duk wanda ya san Diobu ya san ta sha fama da rikicin ƙungiyoyin asiri na matasa. Ba zan raina damuwar kowa ba. Amma mu auna abin da idon basira. Masu ƙwace ba su zuwa ɗaya-ɗaya, kuma ba su sallama. Sau da yawa abin da ke hannunsu ya fi wuƙa. Wanda ya zaro wuƙa a gabansu ya mayar da asarar waya ta koma asarar rai. Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya: wuƙar da ke ƙugu ba ta jiran ɗan fashi. Ranar da aka yi cacar baki a kan canji, ko a kan wurin ajiye baro, tana nan. Zuciya ta minti ɗaya, sai hannu ya riga hankali. Kuma a garin da kake baƙo, faɗan mutum biyu ba ya tsayawa a kan mutum biyu. Kafin magariba an ce Hausawa ne suka yi. Mai shayi da bai san hawa ba bai san sauka ba, shi ne zai kwana a ɓoye, an ƙone masa tebur.

Ga kuma doka. Mu da muka taso a ƙarƙashin Final Kod a Arewa, mu sani a Kudu wani kundin ne daban yake aiki. Sashe na 80 na dokar laifuffuka ya haramta fita bainar jama'a da makami ba tare da halastaccen dalili ba, ta yadda zai firgita mutane, kuma hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara biyu. Ku riƙe kalmar nan, halastaccen dalili. Mai tsire da wuƙarsa a kan tebur, kusa da ƙuli da yaji, dalilinsa a fili yake. Shi ɗin dai, in aka same shi da tsakar dare da doguwar wuƙa a soke a ƙugu ƙarƙashin riga, magana ta canza. Ba mu kaɗai ke da irin wannan tsari ba. A Ingila, dokar 1988 ta bar mutum ya riƙe 'yar wuƙar aljihu mai naɗewa wadda ruwanta bai wuce inci uku ba. Abin da ya haura haka, sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Kuma kallon da jama'a suke yi wa wuƙa yana da nasa nauyi. Akwai wata mai naɗewa da ake kira Okapi, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1902 don kasuwannin Afirka, daga baya masana'antarta ta koma Afirka ta Kudu. Wuƙar talaka ce mai araha da aiki. Amma da 'yan daba suka mayar da ita tasu, sai sunanta ya ɓaci, har mai gaskiya ya riƙa shan tambaya a kanta.

Hanyar gida ma abin tunawa ce. Daga Fatakwal zuwa Kano, ko ta Inugu da Makurɗi aka bi, ko ta Lakwaja, shingen bincike ba ya ƙirguwa, na hukuma da na 'yan sintirin gari. Har yanzu zukatanmu ba su huce ba daga abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta goma sha shida da suka taso daga jihar Ribas za su gida Kano yin salla, bayan an ga bindigogin farautarsu a mota. Allah ya jiƙansu da rahama. Alhakin jininsu yana wuyan waɗanda suka kashe su, kuma babu wani uzuri da zai wanke wannan zalunci. Na ambace shi ne don mu ga yadda zamani ya koma. Kayan sana'ar baƙo, a idon wanda tsoro da jita-jita suka cika, yana iya zama hujjar kashe shi. Ba mu ne muka jawo wannan yanayi ba, amma a cikinsa muke neman abinci. Saboda haka wuƙar sana'a in za ta yi tafiya, a naɗe ta a tsumma, a sa ta cikin kaya tare da sauran kayan aikin, a ƙasan jaka. Kada a soke ta a jiki. Wannan ladabi ma ba baƙo ba ne a wurinmu. An koyar da mu cewa mai wucewa ta kasuwa ko masallaci da kibau ya kama tsininsu, kada ya ji wa wani. An hana nuna ɗan uwa da makami ko da wasa. An hana miƙa takobi a zare. Wanda ya miƙa maka wuƙa ta wajen ƙota, ka san ya sami tarbiyya.

Saura magana ɗaya gajeriya, ta kuɗi. Ba sai ka sayi mai tsada ba. Amma ka guji irin wadda in ka danna ta da yatsa take lanƙwashewa ta zauna a lanƙwashe. Wannan gwangwani ce, ba ta riƙe kaifi, kuma wanda ya sayi uku a shekara ya biya kuɗin mai kyau guda. Ga masu yankan farce da wanzamai kuma, ƙarfen da ya taɓa jinin wani yana iya ɗaukar ciwon hanta ya kai wa na gaba, don haka tsabtarsa amana ce. Wanda kuma wuƙa ta yi wa yanka mai zurfi, musamman a mayanka ko a gona inda akwai ƙasa da kashin dabba, ya wanke da ruwa da sabulu, ya je asibiti a yi masa allurar tetanus, kada ya tsaya toka da ƙasa.

To, 'yan uwa, ga roƙona a daren nan. Alhaji mai shago, kai ne uban yaran da ke kwana a rumfarka, ka duba abin da ke ƙugunsu, ka yi musu magana da taushi. Sarakunan Hausawa da sarakunan fawa da limamanmu na Fatakwal da Anacha da Inugu, ku sa wannan a cikin nasihar da kuke yi wa sababbin zuwa. Kai kuma ƙanena da ka sauka daga mota makon jiya, in za ka shiga kasuwa gobe neman wuƙa, ka nemi ƙarama, mai kaifi, wadda aikinta ya bayyana a jikinta. Hajiya, a ɗaga wuƙar kicin sama, a shafa mata mai kafin a kwanta, domin da alama ruwa zai sake sauka. Allah ya tsare mu a inda muke, ya tsare iyalanmu a gida.